Cunkoson hanyar filin jirgin saman Abuja: a ƙara titi ne, ko a gyara ƙofa?

Baban Sadiƙ:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Duk sanda aka tayar da maganar cunkoso a hanyar filin jirgin saman Nnamdi Azikiwe, sai a ce a ƙara faɗin titi. Ni ban ga alamar a nan ciwon yake ba. Titin Umaru Musa 'Yar'adua da ya tashi daga City Gate layi 10 ne idan aka haɗa da na gefe. Layi ɗaya na babban titi, muddin babu mai tsayawa a kansa, yana ɗaukar mota 1,800 zuwa 2,000 a awa guda. Ko layi uku kaɗai sun haura 5,000 ke nan. Filin jirgin Abuja bai kai ga tara motoci masu wannan yawa a awa ɗaya ba.

A wuri uku ake maƙalewa. Akwai Lugbe, inda matafiyi ke cakuɗewa da masu komawa gida daga aiki. Akwai ƙofar karɓar kuɗi ta FAAN, hukumar kula da filayen jiragen sama ta ƙasa. Sai bakin tashar kanta, inda ake sauke fasinja da ɗaukarsu. Hanyar kamar mazurari take: komai faɗin samansa, ƙaramin bakin ƙasa ne ke yanke yawan abin da zai wuce. In aka mayar da titin layi 14 aka bar ƙofar yadda take, motocin za su iso layin jira da wuri ne kawai.

Ina roƙon masu sanin aikin su kawo lissafi da matakai, a bar zagin hukuma gefe.

Ɗan Rigasa:
Wa alaikumus salam. Ka manta na huɗu, Baban Sadiƙ: jirgin ƙasa yana nan har cikin filin, amma matafiya ba su dogara da shi ba. Zan dawo kansa in an gama da ƙofar.

Injiniya Maigada:
Bari in fara da ƙofar, don ita ce mafi saukin aunawa. Alƙaluman da zan kawo na misali ne, kowa na iya tsayawa da agogon wayarsa ya gwada.

Mai biyan tsabar kuɗi zai tsaya, ya sauke gilashi, ya miƙa kuɗi, a nemo masa canji, a yago rasit, sannan a ɗaga sanda. A ce daƙiƙa 15. Awa ɗaya daƙiƙa 3,600 ce, don haka rumfa ɗaya za ta sallami mota 240 a awa. Rumfa 4, mota 960. To idan mota 1,200 suka iso a wannan awar, 240 sun rage a layi. Kowace mota da tazararta tana cin kamar mita 7, jimilla mita 1,680. Raba su layi biyu, ka samu jerin gwano na mita 840. Wanda ke ƙarshe zai jira minti 15 a ƙofa kaɗai. Kuma wannan idan duk rumfunan a buɗe suke. A rufe ɗaya don ma'aikaci ya tafi salla ko cin abinci babu mai canjinsa, ragowar ta tashi daga 240 ta koma 480.

Da katin da ake dangwalawa, daƙiƙa 6 ta isa, mota 600 a awa. Da ɗan maƙalen da ake liƙawa a gilashin gaba, wanda na'ura ke karantawa tun daga nesa, daƙiƙa 3, mota 1,200. Rumfa ɗaya ta yi aikin biyar.

Direban Gwagwalada:
Injiniya, a takarda haka ne. A ƙasa kuma kati na iya fin tsabar kuɗi jawo gosulo. Mutum ya iso bakin sanda, katinsa babu kuɗi, ko na'urar ta ce babu netwok. Gaba a rufe, baya motoci sun tokare shi. Sai ya fara tura kuɗi ta waya, ana jiran saƙon banki, na baya suna ta hon. Mai tsabar kuɗi ko ya ɓata lokaci, ba ya kai haka.

Injiniya Maigada:
Maganarka dutse, Malam, kuma lissafin ma ya goyi bayanka. A ce mota 9 cikin 10 sun wuce a daƙiƙa 6, ta goman ta maƙale daƙiƙa 90. Tara sau shida 54, a haɗa da 90, ya zama 144, a raba 10: daƙiƙa 14.4 kowace mota. An koma gidan jiya, bayan an kashe kuɗin na'urori. Mota ɗaya cikin goma ta cinye ribar gaba ɗaya.

Shi ya sa ba a kafa irin wannan tsari sai da abubuwa huɗu. A yi wa kowace rumfa mafita ta gefe kafin sanda, wanda katinsa ya ƙi a karkatar da shi can ya warware matsalarsa, layi ya ci gaba. A riƙe bayanin kuɗin a jikin katin ko a na'urar rumfar, ta cire kuɗi ko da intanet ta ɗauke, daga baya ta aika wa babbar kwamfuta. A ba kowace rumfa batir da zai riƙe sanda da na'ura na awoyi idan wuta ta tafi. Sannan a hana sayar da kati ko zuba masa kuɗi a bakin ƙofa sam. A kai wannan gidajen mai na kan hanya, bankuna, tashar jirgin ƙasa ta Idu da cikin tashar jirgin sama.

Kuma a kafa allo tun mita 500 kafin ƙofa, a nuna layin maƙale, layin kati, layin kuɗi. Mota ɗaya da ta shiga layin da ba nata ba tana ƙoƙarin tsallakawa a bakin rumfa ta isa ta tsayar da layi biyu.

Kawu Na-Kuje:
Ni a ganina a tuge ƙofar kawai. Mutum ya biya haraji a cikin tikitinsa, ya biya fakin, sannan ya biya kuɗin shiga? Nawa ake samu da ya kai asarar wanda jirgi ya tashi ya bar shi?

Baban Sadiƙ:
Kawu, ba na jin hukuma za ta saki wannan kuɗin. A watan Mayun 2024 ma majalisar zartarwa ta amince a daina yafe wa manyan mutane kuɗin shiga filayen jiragen sama, ministan sufurin jiragen sama Festus Keyamo ya ce har shugaban ƙasa da mataimakinsa za su biya. Gwamnatin da ta yi wannan ƙarawa take nema, ba ragewa ba. Kuma akwai amfanin da kuɗin ke yi ban da cika asusun hukuma: yana rage masu shigowa ba da wani dalili ba.

Abin da ya fi yiwuwa shi ne a sauya wurin biyan. Mai shiga shi ne ke tsere da agogo, kantar tantance fasinja za ta rufe. Mai fita ba jirgin da zai bar shi. To a bar shiga kyauta: kyamara ta ɗauki lambar mota da lokacin shigarta, ko na'ura ta tofo tikiti cikin daƙiƙa 3, a biya a wajen fita gwargwadon zaman da aka yi.

Injiniya Maigada:
Da sharaɗi, Baban Sadiƙ. Layin shiga idan ya yi tsawo, kan titin Bill Clinton yake kwanciya, akwai fili. Layin fita kuwa cikin filin jirgin zai kwanta, idan ya yi baya ya kai bakin tasha, ya toshe masu shiga da masu fita baki ɗaya. Wannan ya fi na yanzu muni. Sai an auna tazarar da ke tsakanin bakin tasha da ƙofar fita an ga mota nawa za ta ɗauka. Kuma kada a karɓi kuɗi a bakin sandar fita. A biya a rumfuna cikin wurin fakin ko ta waya kafin a shiga mota, a ba mutum minti 15 ya fice, sanda ta karanta tikiti kawai.

Maman Ilham:
A filin jirgin Heathrow na Landan babu sanda ma a wurin sauke fasinja. A Nuwamban 2021 suka fara da fam 5, kyamara ta ɗauki lamba, mutum ya biya ta intanet zuwa tsakar daren washegari, in bai biya ba tara ta same shi har gida. Me zai hana a yi haka?

Direban Gwagwalada:
Hajiya, can lambar mota tana kai ka ƙofar gidan mai ita. Nan mota ta wuce hannu uku takardunta na ɗauke da sunan mai ita na farko. Ga masu rufe lamba da leda, ga masu yawo babu lamba. Wa za a aika wa tarar? Sanda dole ce a nan, sai dai a sa ta yi sauri.

Sajan Mai Ritaya:
Akwai abin da kuke tsallakewa: binciken tsaro. Ko an cire kuɗi, jami'ai za su tsayar da mota. Kuskuren da ake yi shi ne a buɗe but a tsakiyar layi. Buɗe but, leƙawa, rufewa, direba ya koma ya ɗaura bel, minti ɗaya ya tafi, kuma duk na baya sun tsaya tare da shi. Yadda ake yi shi ne jami'i ɗaya ya tsaya gaba yana zaɓe, wadda za a bincika a nuna mata gefe inda aka tanadi gurbi 4 zuwa 6, sauran su wuce a hankali. Sannan a raba shingen tsaro da na kuɗi da aƙalla mita 200. Idan suna manne, jinkirin wannan yana hawa kan na wancan, rumfar kuɗi ta zauna babu mota alhali layi na baya.

Da dare kuma a haska wurin sosai. Rabin jinkirin dare na neman fuskar direba da tocila ne.

Baban Sadiƙ:
Madalla, Yallaɓai. Mu shiga bakin tasha, don ni a wurina nan ne babbar matsalar.

A ce tsawon wurin tsayawa mita 150. Kowace mota na buƙatar mita 7.5 don ta shiga ta fita a buɗe but, gurbi 20 ke nan. Idan kowa ya sauke cikin minti 3, gurbi ɗaya zai karɓi mota 20 a awa, duka 400. Idan aka bari ana zama minti 10, sai 120. Wuri ɗaya, faɗi ɗaya, amma kashi 70 cikin 100 na amfaninsa ya tafi. Daga nan mai zuwa ya rasa gurbi, ya tsaya a layi na biyu, ya kulle na ciki, na uku ya tsaya a layin wucewa, shi ke nan.

Mai sauke fasinja ba shi ne matsala ba, yana ajiyewa yake tafiya. Mai ɗauka ne. Ya zo tun kafin jirgi ya sauka, bai san sai an jira kaya ba, ba ya son biyan fakin, sai ya lafe a bakin tasha ko ya yi ta zagaye. Mota ɗaya mai zagaye sau 5 daidai take da mota 5 a kan hanyar cikin filin.

Maganin da aka gwada a filayen jiragen Amurka da dama shi ne filin jira na kyauta a wajen ƙofa. Gurbi 150 zuwa 200, allo mai nuna jiragen da suka sauka, banɗaki, wurin salla, fitilu da mai gadi. Direba ya zauna a motarsa sai fasinja ya kira ya ce ga shi a waje da kayansa. A raba bakin tasha gida-gida da manyan lambobi, fasinja ya ce "ina lamba 6", ba "ina kusa da wata farar mota" ba.

Maman Ilham:
Na yarda da filin jira, amma dokar minti 3 ba za ta hau kan kowa ba. Tsohuwar da sai an kawo mata keken guragu, ko mace da yara uku da akwati biyu masu kilo 23 kowanne, ba za su sauka a minti 3 ba. A ware gurbi 3 ko 4 daf da ƙofar shiga don irinsu, a ba su minti 10, a sassauta dakalin wurin yadda keke zai hau. Sannan kekunan ɗaukar kaya su kasance a jere a bakin titi. Yawancin jinkirin saukewa daga nan yake: direba ya bar mota ya shiga neman keke, ko ana cinikin dako da masu ɗaukar kaya but a buɗe. A rubuta kuɗin dako a allo, ciniki ya ƙare.

Sai maganar rakiya, wadda tamu ce. Mutum ɗaya zai yi Umara, mota uku sun biyo shi. Ba za a hana mutane sallama da nasu ba, kuma bai kamata a hana ba. Amma a yi ta a wurin fakin, a ba su minti 20 na farko a farashi mai sauƙi, a yi rumfa mai inuwa da kujeru a yi addu'a a natse. Bakin tasha na saukewa ne kawai.

Sajan Mai Ritaya:
Kuma doka ba ta tsayawa sai da janwe a wurin, ana ganinta. Jami'i ɗaya a kowane mita 30, da usur. Amma ranar da aka bar motar wani babba ta yi awa guda a gurbin farko da ɗan sanda zaune a ciki, ranar dokar ta mutu, don kowa na kallo. A ba ayarin manya nasu wurin jira daban, direba ya matso sai maigidan ya fito.

Direban Gwagwalada:
Ku sa mu a lissafi. Masu tasin filin jirgi suna da layinsu da ƙungiyarsu. Masu Bolt da Uber da inDrive kuma ba su da takamaiman wuri, sai fasinja ya yi ta waya yana jan akwati yana neman mota, direba na ɓuya kada a kama shi. Wani ya ce fasinja ya fito can gaba, ya tsaya a inda bai dace ba. Duk cunkoso ne.

A ware fili ɗaya cikin wurin fakin, tafiyar minti 2 ko 3 daga ƙofar fitowa, da rufi saboda rana da ruwa, gurabe masu lamba. Motocin manhaja su jira a filin waje, wanda aka ba aiki ne kaɗai zai shigo. Kuɗin shigarsu a cire ta manhajar, kada a tsayar da su a ƙofa. Kuma wanda ya kawo fasinja a ba shi damar ɗaukar wani nan take. Yanzu mota na shigowa da mutum ta fita fayau, wata ta shigo fayau ta fita da mutum. Tafiya huɗu a aikin tafiya biyu.

Injiniya Maigada:
Wannan shawara ce mai kyau, sai dai a yi ta da awo. Filin jirgin Los Angeles ya kwashe tasi da motocin manhaja daga bakin tasha ya kai su fili guda a Oktoban 2019. Kwanakin farko mutane sun sha dogon jira, sai da aka faɗaɗa filin aka ƙara bas. Dalili shi ne jirage ba sa sauka a daidaita. A ce uku masu fasinja 150 sun sauka cikin rabin awa, mutum 450. Idan kowace mota na ɗaukar mutum ɗaya da rabi a matsakaici, mota 300 cikin minti 30. Da wannan rabin awar ake auna fili, ba da matsakaicin yini ba. A Abuja kuma akwai abin da ke ƙara cure jirage wuri ɗaya: hazon hunturu a Disamba da Janairu, da rufe sararin sama idan shugaban ƙasa zai tashi ko zai sauka. Jiragen da aka jinkirta sai su sauko a jere.

Ɗan Rigasa:
To ga jirgin ƙasa. Shugaba Buhari ya buɗe shi a Yulin 2018, kamfanin CCECC ya gina, kimanin kilomita 45 da tasha 12. An dakatar da shi a 2020 lokacin korona, Shugaba Tinubu ya sake buɗe shi ranar 29 ga Mayun 2024, bayan an yi hanyoyin shiga tashoshin. Layin filin jirgi yana tashi daga tsakiyar birni ya bi Stadium, Kukwaba, Wupa, Idu, Basanjiwa. A Idu yake haɗuwa da jirgin Kaduna da kuma layin da ke zuwa Gbazango ta Gwagwa, Deidei da Kagini. Ba ya bi ta Lugbe, ba ya tsayawa a ƙofar kuɗi. Abu mafi tsada an riga an yi shi.

Abin da ya rage jadawali ne. Mai shiga jirgin sama ba ya tambayar kuɗin tikiti kafin ya tambayi: in na rasa wannan, yaushe wani zai zo? Idan amsar awa biyu ce, zai hau mota ko da jirgin ƙasan kyauta ne. Sai an kai ga kowane minti 20 ko 30 kafin mutum ya daina duba jadawali.

Lissafinsa ba wuya. Layin kusan kilomita 27 ne. A ce tafiya minti 40, juyawa minti 10 a kowane ƙarshe, zagaye ɗaya minti 100. Don a samu jirgi kowane minti 20 ana buƙatar 5 a kan layi da 1 na ko-ta-kwana. Kowane minti 30, guda 4 da na ajiya. Sannan na farko ya iso filin da ƙarfe 5 na asuba saboda jiragen ƙarfe 7, na ƙarshe ya jira jiragen dare, har Asabar da Lahadi.

Kawu Na-Kuje:
Mai akwati biyu da ke Gwarinpa ko Asokoro sai ya ɗauki tasi zuwa tasha, ya sauke, ya hau, ya sake saukewa. Wa zai yi? Talaka ba ya hawa jirgin sama, mai hawa kuma yana da mota.

Ɗan Rigasa:
Kawu, ba kowa ake nema ba. Fara da ma'aikatan filin: masu shara, masu lodin kaya, jami'an shige da fice, kwastan, masu kantuna, ma'aikatan kamfanonin jirage. Kullum suna zuwa suna komawa, ba su da akwati, da yawansu suna zaune ta Kubwa da Deidei inda layin ke bi. A daidaita jirgin da lokacin canjin aikinsu, a ba su katin wata. Kowace motar ma'aikaci da ta zauna a gida gurbi ne a ƙofa.

Sai 'yan Kaduna da Zariya da ke sauka a Idu. Tasha biyu ce tsakaninsu da filin jirgi, amma idan babu jirgin da ke jiransu sai su fita su hau tasi su zagaya ta titi. A sa na filin jirgi ya tashi minti 15 bayan isowar na Kaduna, in na Kaduna ya makara a jira shi, tikiti ɗaya tun daga Rigasa. Matsalar ita ce na Kaduna na hukumar jiragen ƙasa ta NRC ne, na cikin gari na hukumar birnin tarayya. Sai sun zauna tebur ɗaya.

Sai mai tafiyar yini ɗaya zuwa Legas da jakar hannu. Shi fakin mai tsaro yake so a tasha, inda zai bar motarsa ta kwana.

Maman Ilham:
Duk wanda ya sauka a sabuwar tashar filin jirgin Jidda ya ga yadda jirgin ƙasa na Haramain yake a cikin ginin, kana tura kekenka har kusa da shi, da alamu tun daga wurin ɗaukar kaya. Wannan ne ke sa mutum ya hau. A Abuja ma a sa allon lokacin jirgin ƙasa a wurin jiran akwati, inda mutum ke tsaye yana yanke shawarar abin da zai hau. A tabbata lif yana aiki, a bar keken kaya ya kai bakin tarago, a cire kujeru kaɗan kusa da ƙofa a yi wurin akwatuna.

Kuma a Jidda alhazai tasharsu daban ce tun 1981, da bas ake kwashe su. Mu ma sansanin alhazai yana Basanjiwa. Lokacin jigila a gama sallama da awon kaya a sansani, bas ya kai maniyyata ƙofar tasha, 'yan rakiya su juya daga can. Jirgi mai ɗaukar mutum 400 bas 8 ne masu kujera 50. In aka bar kowa da motar gidansu, ɗaruruwa ne.

Alhaji Na-Lugbe:
Kun bar mu a baya. Jiragen yamma suna tashi daidai lokacin da ma'aikata ke komawa Lugbe da Kuje da Gwagwalada, hannu ɗaya ake bi. Waɗanda suka sauka da safe kuma su tarar da masu shiga gari. Titin gefe an yi shi ne don masu tsayawa, amma tasi da ƙananan bas a kan babban titin suke lodi, a gindin gadojin masu tafiya a ƙasa, don nan fasinja yake. Mota ɗaya ta tsaya, layin dama ya mutu, na tsakiya ya rage gudu saboda masu kaucewa. Haka a Federal Housing, haka a Police Signboard, ranar kasuwar Gosa kuma abin ya ƙaru.

Kora ba ta magani, jami'i na juya baya za su dawo. A yi musu wurin lodi a titin gefe daidai inda matakalar gada ke sauka, mai ɗaukar mota 8 zuwa 10. A sa shingen kankare tsakanin babban titi da na gefe yadda fasinja ba zai iya tsallakowa ba. Inda fasinja ya tsaya nan direba zai tsaya. A gyara wayar tsakiyar titi duk inda aka ɓalle ta, wannan ma ceton rai ne. A ajiye janwe biyu, ɗaya wajen Lugbe ɗaya wajen mahaɗar Kuje, daga ƙarfe 6 zuwa 10 na safe da 4 zuwa 9 na dare. Motar da ta mutu a layi a ɗauke ta cikin minti 10, kada a jira bakanike.

Sajan Mai Ritaya:
A ƙara da rufe hanya don wucewar manyan baƙi. Rufewar minti 10 a titin da ke kawo mota 4,000 a awa ta tara kusan mota 670, kuma warwarewarsu ta fi minti 10 nesa ba kusa ba, don wasu na ci gaba da isowa. A riƙa rufewa gaɓa-gaɓa, ana buɗe baya da zarar ayari ya wuce, a bar titin gefe a buɗe, a sanar a rediyo ko da awa biyu kafin lokaci.

Kawu Na-Kuje:
To bas fa? Ba kowa ke kusa da layin dogo ba, kuma mai akwati ba zai tsaya a bakin titi ya hau motar da bai sani ba, ga 'yan wan-cans.

Baban Sadiƙ:
Bas na filin jirgi shi ne abin da za a iya farawa cikin wata uku, Kawu. An taɓa yin irinsa: a 2017 da aka rufe titin saukar jirage na Abuja tsawon mako 6 aka karkatar da su Kaduna, da bas-bas aka riƙa kawo fasinja Abuja. Yanzu ga tashoshin mota da aka buɗe a Mabushi da Kugbo a 2025. A tashi daga can, a ƙara ɗaya ta Zuba da Giri saboda masu zuwa daga Suleja da Gwagwalada. Bas mai wurin kaya a ƙasa, kowane minti 30, ya tashi a kan lokaci ko da mutum biyar ne a ciki. Ranar da aka ce sai ya cika, an rasa matafiyin jirgin sama. A ba shi layinsa a ƙofa da gurbin farko a bakin tasha.

Idan zagaye ɗaya da lodi awa biyu da rabi ne, kowace hanya na buƙatar bas 5 da 1 na ajiya.

Injiniya Maigada:
Kafin a sayi ko bas ɗaya, a yi ƙidaya ta mako guda, daga Litinin zuwa Lahadi, a raba ta minti 15-15. Mutum biyu a ƙofa, ɗaya na ƙirga motoci da irinsu, ɗaya na auna daƙiƙar kowace rumfa da yawan waɗanda suka maƙale. Biyu a bakin tasha suna rubuta lambar mota da lokacin tsayawa da tashi. Mota ɗaya ta riƙa bin hanyar daga City Gate zuwa bakin tasha kowace awa, ana rubuta lokaci a Lugbe, mahaɗar Kuje da ƙofa. A ɗora duka a kan jadawalin sauka da tashin jirage na wannan makon. Ɗaliban injiniya 20 daga Jami'ar Abuja za su iya, a maimaita a Disamba da lokacin jigilar alhazai. Sakamakon a miƙa wa FAAN da hukumar birnin tarayya da NRC da hukumar kiyaye haɗurra a zama ɗaya, don titin na wani ne, ƙofar ta wani, jirgin ƙasan na wani.

Ɗan Rigasa:
A sa tambaya biyu ga fasinja a zauren jira, Injiniya: daga wace unguwa ka taso, kuma me ka hau? Mutum 100 a kowane zango na safe, rana da dare. Da wannan za a san ko Mabushi za a fara ba bas ko Zuba, da ƙarfe nawa jirgin ƙasan farko zai bar Gbazango.